Kafin ka sayo maganin feshi, duba ƙarƙashin mangwaronka

Ɗana, na ji kana shirin sayo maganin ƙwari na kanti saboda mangwaron gidanka ya yi tsutsa. Ka dakata tukuna. A ƙarƙashin bishiyar nan yaranka ke wasa, nan kaji ke kiwo, nan uwargida ke shanya hatsi. Duk abin da ka fesa a sama, a kansu zai sauka.

Tsutsar da ka gani ta wani ɗan ƙuda ce mai ratsin rawaya. Macen ke huda fatar mangwaro ko gwaiba ta zuba ƙwai a ciki. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta ci tsokar, ɗan itacen ya ruɓe ya faɗo. Daga nan sai ta fita ta shige ƙasa, cikin kamar mako biyu ta fito da fukafukai ta koma bishiya. Mafi ɓarna a cikin ire-iren wannan ƙuda daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Kenya a 2003, ya bazu har ya iso mu. Da damina yake yawaita, shi ya sa mangwaron da ke nuna a makare ya fi shan wahala.

Ka ga ke nan, duk wanda ya faɗo ka bar shi a ƙasa, ƙudan gobe kake reno. Ka sa yara su tsince su kowace safiya. A zuba a baƙar leda mai kauri, a ɗaure bakin tam, a bar ta a rana mako guda, zafi zai kashe abin da ke ciki. Ko a haƙa rami mai zurfin rabin mita a binne. Kada a watsa su a juji, don daga can ma za su dawo. Ka yi wa maƙwabcinka magana cikin ladabi shi ma ya riƙa yi, ƙuda bai san katanga ba. Gwaiba kuwa, tunda ba ta da tsawo, ka sa wa kowane ɗa jakar takarda tun yana ɗanye.

Darɓa da fararen ƙwarin nan masu kama da auduga, da ke manne wa lemo da gwanda har ganye ya yi baƙi, maganinsu na bakin ƙofarka: darbejiya. Ka samo busassun 'ya'yanta, ka ɓare, ka daka ƙwayar kamar gwangwanin madara uku, ka jiƙa a bokitin ruwa ta kwana. Ka tace da tsumma, ka narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, a bi har bayan ganye inda suke ɓuya. Rana na kashe ƙarfinsa, saboda haka a maimaita duk mako. Ba ya kashewa nan take; hana su ci da girma yake yi, sai ka yi haƙuri. Idan bishiya na fure, ka bar ta da ƙudan zumanta.

Jajayen tururuwan da ke haɗa ganye su yi gida a mangwaro, na roƙe ka kada ka ƙona su. Suna da cizo, na sani, amma an gwada a gonakin Jamhuriyar Benin an ga bishiyar da suke kai ba ta cika tsutsa ba. Ranar tsinka, ka shafa toka a hannu da ƙafa kafin ka hau.