Tarin fuka: magani na tafiya da bayani

Tarin fuka ciwo ne mai warkewa. Maganinsa kyauta ne a gidajen likita na gwamnati a Nijar. Amma shansa yana da tsawo: wata 6, kowace rana, ba fashi. Wata 2 na farko ana shan magani iri 4 da aka haɗa cikin ƙwaya ɗaya. Wata 4 na baya ana shan iri 2. Wata 6 kusan kwana 180 ke nan. Ko gero ba ya daɗewa haka a gona.

A nan wuyar take. Mutane da yawa suna farawa da kyau, sai su bari a tsakiya. Ba a Nijar kaɗai ba. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a ƙasashe masu arziki, wajen rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka ce.

A ɗauki misalin mutum biyu daga ƙauyukan Gaffati, cikin gundumar Mirya. Dukansu sun yi tari fiye da mako 2, sun rame, suna gumi da dare. An gwada kakinsu, an ga ciwon.

Na farko ya zo ranar da mutane suka yi yawa. Ya karɓi magani ya fita. Bai tambayi kome ba, ba a gaya masa kome ba. Da ya sha, sai fitsarinsa ya yi ja. Ya tsorata, yana tsammani jini ne. Ya dai daure. Bayan wata ɗaya tari ya kwanta, abinci ya soma shiga. Ruwa ya sauka, ya ce ai ya warke. Ya ajiye magani ya nufi gona.

Na biyu ya zo da ƙanensa. Likita ya zaunar da su, ya yi musu bayani da Hausa, a hankali. Ya ce fitsari zai yi ja, launin magani ne, ba jini ba. Ya ce tari zai kwanta da wuri, amma ciwon yana nan a ɓoye. Noman farko ba ya gama ciyawa, sai an yi maimai. Ya ce in ido ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya ragu, a komo nan da nan, kada a jira. Daga ƙarshe ya sa majinyacin ya maimaita abin da ya ji. Ƙanen ya ɗauki nauyin ganin yayansa ya haɗiye magani kowace safiya, ya sa alama a takarda.

Magani ɗaya aka ba su. Bayani ne ya raba su. Wanda ya san abin da zai gani ba ya tsorata in ya gan shi. Wanda ya san dalilin wata 6 ba ya tsayawa a wata ɗaya.

Mai yanke magani, ciwonsa yana iya komowa, ya kama matarsa da ƴaƴansa. Wani lokaci ma ya komo ba ya jin maganin farko. Tun 2008 ake jinyar irin wannan a Nijar, tare da ƙungiyar Damien ta Beljiyam. Ana warkewa, amma da wahala.

Saboda haka tambaya ba rashin kunya ba ce. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta faɗa wa likita, domin maganin tari yana rage mata ƙarfi. Ana sake gwada kaki a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6. Likita ne ke cewa an warke, ba jin daɗin jiki ba.

Sai maganar ci-rani. Bayan kaka samari da yawa suna tafiya Damagaram ko Kano. Mai shan magani kada ya tafi a ɓoye. Ya faɗa wa likita tun kafin ya ɗaura kaya, a ba shi takardar da zai nuna a gidan likitan can.