Faifan Ɗora Kofi na Bikin Halowin

A Amurka, kafin Halowin na 31 ga Oktoba, masu sana'ar hannu kan zuba ruwan rezin su yi faifan ɗora kofi mai gizo-gizon roba ko jemage a ciki. In za ku gwada, ku auna rezin da sinadarin daskarar da shi yadda kwalba ta nuna; in awo ya kuskure, faifan zai zauna da danƙo. Ku gauraya a hankali saboda kumfa.

Zubi biyu ya fi. A fara da siriri a mazubin silikon, in ya fara kamawa a ɗora gizo-gizon, sannan a rufe da zubi na biyu, don kada ya taso sama. In za a sa ganye a ciki, ɗanye yana ɓata aikin.

Don Allah ku sa safar hannu, ku buɗe taga. Ku ba faifan kwana 3 kafin ɗora shayi mai zafi.