Olamfik ta 2028 a Los Angeles: Shawarwari ga Mai Niyyar Zuwa Kallon Ƙwallo da Wasan Takobi

Daga ranar 14 zuwa 30 ga watan Yulin 2028 birnin Los Angeles da ke jihar Kalifoniya zai karɓi baƙuncin gasar Olamfik, karo na uku ke nan bayan na 1932 da na 1984. Rabon Amurka da shirya gasar bazara tun ta Atlanta a 1996, shekarar da Najeriya ta doke Brazil da ci 4 da 3, ta doke Ajantina da ci 3 da 2, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ɗauki zinare a ƙwallon ƙafa. A cikin wannan tawaga akwai 'ya'yan Kaduna irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro. Wanda ya kalli waɗannan wasanni a talabijin, ba abin mamaki ba ne idan ransa ya biya ya je ya gani da idonsa a wannan karon.

Sai dai Olamfik ba gasa ɗaya ba ce. Wasanni ne fiye da 30 da ake gudanarwa lokaci guda a wurare masu nisa da juna, kuma taura biyu ba ta taunuwa, balle talatin. Wanda ya ce sai ya ga komai, a cikin mota zai ƙare kwanakinsa. Shawarata ita ce ka zaɓi wasa biyu ka gina tafiyarka a kansu: ƙwallon ƙafa da ka riga ka sani, da wasan takobi da da wuya ka sami damar ganin gwanayensa a gida.

Biza kafin tikiti

Tikitin kallo ba ya shigar da kowa Amurka. A watan Yunin 2025 gwamnatin ƙasar ta sanya Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta dakatar da shigar mutanensu. A watan Disamba na wannan shekara ta ƙara da Nijar, ta kuma taƙaita wa 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza, har da ta ziyara. An ware 'yan wasa da masu horar da su daga wannan doka, amma ɗan kallo ba ya cikin waɗanda aka ware. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka kafin ka kashe ko sisi, duba shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarka ka ga halin da ake ciki a ranar. Mai fasfo na wata ƙasa, ko mai takardar zama a Amurka, hukuncinsa daban ne.

Idan ƙofa a buɗe take, bizar ziyara ita ce B1/B2. Ana cike fom ɗin DS-160 ta intanet, a biya kuɗin da ya kai dala 185 a 2025, wanda ba a mayarwa ko an hana ka, sannan a jira ranar ganawa, jiran da kan ɗauki watanni. Cike fom ɗin da kanka, ko ka zauna kusa da mai cike maka kana ganin abin da yake rubutawa, domin kai za a tambaya. Jami'in da zai gana da kai abu ɗaya yake son ya gamsu da shi: za ka dawo. Aikinka ko kasuwancinka da iyalinka su ne hujjarka. Duk wanda ya ce maka yana da hanya a ofishin jakadanci, kuɗinka yake so.

Tikitin wasa kuma, ta shafin masu shirya gasar, wato LA28, za ka saya, inda mafi araha ya fara daga dala 28. Tikitin zamani a cikin waya yake zama, saboda haka wanda ya turo maka hoton tikiti ta WhatsApp ya ce ka tura kuɗi, ka yi masa sallama.

Ƙwallon ƙafa: a bazu take

Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne ƙwallon Olamfik ba a birni ɗaya ake buga ta ba, kuma tana farawa kwanaki kafin bikin buɗewa. Ko a 1996, wasan ƙarshe ba a Atlanta aka yi shi ba, a garin Athens na jihar Jojiya aka yi. A 2028 za a buga wasannin farko a birane daban-daban, irin su New York da San Jose da San Diego. Tsakanin New York da Los Angeles kusan kilomita 4,000 ne, ya ninka tafiyar Kano zuwa Legas kusan sau huɗu, tafiyar awa shida a jirgin sama. Kada ka kama ɗaki na mako biyu a Los Angeles da tunanin nan za ka ga ƙasar da kake goyon baya. Jira a fitar da jadawalin rukuni tukuna.

Ka kuma san irin ƙwallon da za ka gani. Ta maza ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, ana barin kowace ƙasa ta ƙara manya uku. Ta mata ba ta da iyakar shekaru, manyan taurari ne ke zuwa gaba ɗaya. A karon farko ƙungiyoyin mata za su fi na maza yawa: 16 da 12. Wannan ya ƙara tsaurara wa maza samun gurbi, ga shi kuma 'yan wasan Najeriya maza ba su je Olamfik ta Tokyo ba, ba su je ta Paris ba, tun tagullar da suka samu a Rio a 2016. Ƙungiyar mata ta Super Falcons ce ta wakilci ƙasar a 2024. Ko da ƙasarka ba ta samu zuwa ba, Afirka tana da abin da za ta kare a wannan fage: Ghana ta ci tagulla a 1992, Kamaru ta ci zinare a 2000, Maroko ta ci tagulla a 2024.

Wasannin ƙarshe a filin Rose Bowl na garin Pasadena za a yi su, filin da ke ɗaukar mutum kusan 90,000. A nan Faransa ta doke Brazil a wasan ƙarshe na Olamfik ta 1984, a nan kuma Brazil ta ɗauki kofin duniya na 1994 a bugun fenareti da Italiya. Yawancin kujerunsa babu rumfa, kuma Pasadena tana nesa da iskar teku, zafinta a Yuli kan haura digiri 30. Tafi da hula mai malafa, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka.

Wasan takobi: yini ɗaya, zaure ɗaya

Wasan takobi kishiyar ƙwallo ne ta fuskar wahalar tafiya. A babban zauren taro na Los Angeles Convention Center da ke tsakiyar birni za a yi shi, cikin inuwa da sanyi, kuma kowace gasa a yini ɗaya take farawa ta ƙare: a fara zagayen farko da hantsi, a rataya lambar zinare da dare. Yana cikin 'yan wasannin da ba a taɓa yin Olamfik ba tare da su ba tun 1896.

Filin wasan wani dogon dandamali ne mai tsawon mita 14, faɗinsa bai wuce mita 2 ba. Mutum biyu ne, sanye da fararen kaya da hular raga ta ƙarfe, takubbansu a haɗe da na'urar lantarki. Suna sara wa juna da alƙali da takobi don gaisuwa, sannan alƙali ya ba da umarni da Faransanci, abin da zai yi wa mutanen Nijar da Kamaru da Chadi daɗi. Da ya ce a fara, sai zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe da takun ƙafa gaba da baya. Kafin ƙiftawar ido ɗaya ya miƙe ya kai suka, fitila ja ko koriya ta kama, ya yaye hularsa yana ihu. Wanda ya fara cin maki 15 shi ya yi nasara. A gasar ƙungiya kuwa, mutum uku-uku ne ke karɓa-karɓa har a kai maki 45.

Takubban iri uku ne, kuma a jadawali za ka ga sunayensu: Épée da Foil da Sabre. Sabon shiga ya fara da Épée, domin dokarsa ba ta da sarƙaƙiya: duk jiki wurin suka ne, daga kai har yatsan ƙafa, wanda fitilarsa ta kama ya ci, idan duka biyu suka kama tare kowa ya sami maki. A Foil gangar jiki kaɗai ake suka, da tsinin takobi, idan sukar ta sauka a hannu ko ƙafa farar fitila ce ke kamawa, babu maki. A Sabre ana sara da kaifi daga ƙugu zuwa sama, kuma shi ya fi sauri, sau da yawa daƙiƙa biyu ta isa a ci maki. A waɗannan biyun akwai dokar da ke rikita 'yan kallo: idan fitilu biyu suka kama, wanda ya fara kai hari shi ke da maki, sai fa idan abokin karawarsa ya kare harin sannan ya rama. Don haka bayan fitila ta kama, hannun alƙali za ka kalla, shi zai nuna wanda ya ci.

Idan kuɗinka na zama ɗaya ne, zaɓi na safe. Ana karawa a dandamali da dama lokaci guda, ka ga 'yan wasa masu yawa. Ka zaɓi mutum ɗaya ka riƙa bin ƙafafunsa maimakon takobinsa, a nan za ka ga yadda yake jan abokin karawarsa cikin tarko. Kada ka kunna fitilar kyamara, kada ka yi shewa sai an tsayar da wasa.

Akwai na gida da za ka mara wa baya. Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa a Landan a 2012, lambar Afirka ta farko a wannan wasa. Inès Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla a 2016. A Paris a 2024 Farès Ferjani na Tunisiya ya ci azurfa, Mohamed El-Sayed na Masar ya ci tagulla. A Rio kuma Ibtihaj Muhammad ta ci wa Amurka tagulla tana sanye da hijabi. Mai tafiya da 'ya'yansa mata, wannan zaure wuri ne da ya kamata ya kai su.

Masauki da zirga-zirga

Los Angeles birni ne mai faɗi ƙwarai, cunkoson motocinsa kuma sananne ne. Kada arahar ɗaki ta ruɗe ka. Tambayar farko ita ce, minti nawa ne a ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa? Layin A na jirgin Metro shi ne abokin tafiyarka, domin yana tsayawa a tashar Pico kusa da zauren takobi, ya kuma wuce har Pasadena. Layin E yana kai mutum filin Coliseum inda za a yi tsere da tsalle-tsalle. Sayi katin TAP ka zuba masa kuɗi. Ka isa fili da awa biyu kafin wasa saboda layin bincike, kuma ka tafi da ƙaramar jaka, domin filayen Amurka da yawa ba sa barin a shiga sai da jakar roba da ake ganin cikinta.

Agogon Los Angeles a bazara yana bayan na Najeriya da Nijar da awa takwas. Ka iso da kwana biyu kafin wasanka na farko, jiki ya saba, kada barci ya kwashe ka a kujerar da ka biya da tsada.

Guzuri, kuɗi da ibada

Kilishi da dambun nama su tsaya a gida. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin shiga da nama irin wannan, kuma ɓoye shi na jawo tara. Duk abincin da ka ɗauko, ka bayyana shi. Kuɗin hannu da ya haura dala 10,000 ma dole ne a bayyana. A filayen Olamfik katin banki na kamfanin Visa ake amfani da shi, don haka ka tabbatar naka yana aiki a ƙasar waje. Farashin da ka gani a kanti ba shi za ka biya ba, ana ƙara haraji a wurin biya, a gidan abinci kuma al'ada ce a bar wa mai kawo abinci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Kada ka tashi babu inshorar lafiya, domin kwana ɗaya a asibitin Amurka na iya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 911.

Akwai masallatai, ciki har da Masallacin Sarki Fahad a Culver City da Cibiyar Musulunci ta Kudancin Kalifoniya a kan titin Vermont, kuma a kusa da su ba a rasa abincin halal. Ka lura, alƙibla a can ba gabas ba ce kamar yadda aka saba a gida, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na dare, sai ka daidaita lokutan sallarka da jadawalin wasa tun da safe.

Daga ƙarshe, ɗan'uwa, idan Allah ya nufe ka da wannan tafiya, ranar da aka ba ka ta fita ka fita. Duk mutum ɗaya da ya maƙale bayan bizarsa ta ƙare, ƙofa yake rufe wa dubban 'yan ƙasarsa da ke bayansa. Je ka kalli wasa, ka ɗaga tutar ƙasarka, ka dawo gida da mutuncinka. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kai lafiya.