Yadda Ake Buga wa Sha'irin Karkara Diwaninsa

Masu cewa sai ka sami ɗan siyasa ya ɗauki nauyi kafin ka buga wa sha'iri littafi, ba su taɓa bugawa ba. Kamfanin Gaskiya na Zariya da kamfanin buga littattafai na NNPC, wanda aka kafa a 1966, sun yi nasu zamanin, su suka kai Imfiraji ta Aliyu Namangi da Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu hannun jama'a. Yau kuwa babu babban kamfanin da zai tako karkara irin Mahuta neman malamin allo ko manomin da ya cika littafin makaranta da baitoci. Aikin ƙaramin mai buga littattafai ne, mutum ɗaya da kwamfuta ɗaya.

Fara da yarjejeniya a rubuce, gaban shaidu biyu: haƙƙin mallaka na sha'iri ne, kwafi kaza nasa, kaso kaza na ciniki nasa. Sannan ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka mayar masa da asalin a ranar. Kada takardun mutum su kwana a hannunka.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ka miƙa rubutun ga mai buga kwamfuta ka tafi harkarka. Zauna da sha'irin a zaurensa, ka ce, "Malam, a rera mana," kana naɗar muryarsa, yatsanka na bin ɗango ɗango. Dalili kuwa, karin rubutacciyar waƙa ya dogara ne kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, boko kuma ba ya nuna tsawon wasali. Idan da ajami ya rubuta, ka yi sa'a, domin ajami kan nuna shi, amma wajen juyawa zuwa boko ake yin ɓarna. Kunne ne kaɗai zai gaya maka inda gaɓa ta faɗi.

A nan za ka ci karo da kalmomin da suka yi kama da kuskure alhali ba kuskure ba ne. Wani wuri Katsinanci ne, wani wuri ya gutsure kalma don kari ya zauna, wani wuri ya ja ta don amsa-amo. Yaron da ke buga kwamfuta zai "gyara" su duka zuwa daidaitacciyar Hausa, ya karya waƙar yana ganin alheri ya yi. Hana shi tun farko. Abin da ya shige maka duhu, tambayi mai waƙa. Idan ya rufe da ramzi, wato shekarar waƙar a cikin haruffa, bar ramzin yadda yake, ka sa shekarar da lambobi a ƙasan shafi. Baitin ƙwar biyar kuma kada a raba shi shafi biyu, ko da takarda za ta tafi a banza.

Sai baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Yawancin maɗaba'u da CorelDraw suke aiki, kuma da zarar an buɗe aikinka a wata kwamfutar da ba ta da irin harafinka, sai su koma akwatuna ko su miƙe. Ni Charis SIL nake amfani da shi, kyauta ne, yana da su duka. Kai aikin a PDF, ka dage sai an fitar maka da gwaji a takarda, ka koma Mahuta da shi Malam ya sake rerawa daga kansa kafin a yi faranti.

Lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce ka ajiye musu kwafi uku. Girman A5 ya isa, shafuka su rabu da 16. Kuɗin takarda kuwa dala yake bi, ka tambaya a Zariya da Kano a makon da za ka buga. Kwafi 300 sun wadatar. Masu cewa dubu ta fi arha ba su ne za su ga gara na cin ragowar ba.

Kada ka ƙaddamar da damina, lokacin kowane kwabo taki ya nufa. Jira kaka, an kai masara da waken soya kasuwar Funtuwa da Ɗandume. Mako biyu kafin taro, saki muryar da ka naɗa a WhatsApp, waƙa ɗaya tak. Ranar taro ka ware kason sha'iri ka ƙirga masa a gaban shaidun nan biyu, kafin ka biya masu rumfa da kujeru.