Fasahar CAR-T: Yadda Ake Gwajin Ceto Ƙodar Masu Cutar Lufus

Lufus cuta ce da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya. Maimakon ta yaƙi ƙwayoyin cuta, sai ta far wa fata, gaɓoɓi da jini. Kusan tara cikin goma na masu fama da ita mata ne, kuma ta fi tsanani a jikin baƙar fata. Idan ta kai ga ƙoda, matatun da ke tace jini su kumbura, sinadarin gina jiki ya riƙa zuba a fitsari, wasu har su kai ga wankin ƙoda ko dashe.

Tushen matsalar wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira ƙwayoyin B, masu ƙera makaman da ke kai wa jiki hari. An daɗe ana danne su da magunguna, amma wasu na laɓewa can cikin sassan jiki inda magani bai cika isa ba.

A nan ne fasahar CAR-T ta shigo. Asalinta maganin sankarar jini ce, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da ita a 2017. Ana ɗibar jinin majiyyaci, na'ura ta ware ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki. A ɗakin gwaji sai a cusa musu sabon umarni a ƙwayar halittarsu, wanda zai sa su gane wata alama mai suna CD19 da ke jikin ƙwayoyin B. Bayan an hayayyafa su, a yi wa majiyyacin allurar kemo ta 'yan kwanaki don a share musu fili, sannan a mayar masa da su sau ɗaya tak. Da yake su masu rai ne, suna bin ƙwayoyin B har maɓoyarsu.

Likitocin Jami'ar Erlangen ta Jamus, ƙarƙashin Georg Schett da Andreas Mackensen, su ne suka fara gwada wannan a 2021, a jikin wata mai shekara 20 da magunguna suka gaza a kanta. A 2022 suka ba da rahoton mutum biyar, dukkansu cutar ta lafa cikin wata uku, suka daina shan magungunan lufus. Abin da ya fi jan hankali shi ne, bayan kimanin wata uku zuwa huɗu ƙwayoyin B sun dawo, amma cutar ba ta biyo su ba. Kamar dai wayar da ta rikice aka yi mata filashin ta dawo sabuwa.

Sai dai adadin waɗanda aka gwada bai taka kara ya karya ba, kuma tabon da ya riga ya zauna a ƙoda ba ya gogewa. Akwai haɗarin zazzaɓi mai zafi da faɗuwar hawan jini idan garkuwar ta harzuƙa, ga saurin kamuwa da cututtuka na ɗan lokaci. A 2024 hukumar ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗin cewa, a wasu lokuta ƙalilan, magungunan CAR-T na iya jawo wata sankarar. Kuɗin ma ba wasa ba ne: na farkon da aka amince da shi, Kymriah, ya shiga kasuwa a kan dala 475,000. Shi ya sa wasu masu bincike suka koma neman hanyar ba ƙwayoyin T umarnin a cikin jikin majiyyaci ta allura, ba sai an fito da su ba.