Yadda Ake Rage wa Magani Gaɓa Don a Gane Aikinsa

Amphotericin B tsohon magani ne. A 1955 aka samo shi daga wata ƙwayar bakteriya, Streptomyces nodosus, da aka ɗebo cikin ƙasar yankin kogin Orinoco a Benezuwela. Har yau da shi ake ceto masu ƙanjamau idan sanƙarau na fangas ya kama su, amma yana cin ƙoda. Shekara da shekaru ana cewa huda tantanin ƙwayar fangas yake yi, gishirin cikinta ya tsiyaye ta mutu. Mai son tabbatar da wannan magana hanya ɗaya gare shi: ya ƙera ɗan'uwan maganin wanda aka cire wa gaɓa guda tak, ya ga abin da zai faru.

Ba a farawa daga tushe. Masanin sinadarai Nicolaou ya haɗa amphotericin B gaba ɗaya a 1987, aiki ne na bajinta, amma mai neman amsa sayen garin yake yi, rawaya kamar yadda bakteriya ta samar, ya narka shi a DMSO tunda ruwa ba ya narka shi. Kafin nan ya zauna da zanen: zobe mai atam 38, gefe guda jerin tagwayen ɗauri 7, ɗaya gefen cike da OH, ga sukarin mycosamine a rataye. Sai ya zaɓi wadda zai cire.

A nan gizo ke saƙar. OH goma ne a jikin maganin, kuma sinadarin da za ka zuba bai san wadda kake nufi ba, duk wadda ya samu zai taɓa. Dole ka lulluɓe sauran da rukunin silyl, ka rufe amine na sukarin, kamar yadda marini ke ɗaure inda ba ya so baba ya shiga. Duk wannan a cikin duhu-duhu, kwalba a naɗe da takardar alminiyam, an kore iska da argon, domin haske da iska na lalata jerin ɗaurin nan. Asid ya ɗan yi yawa, sukarin ya ɓalle. Kwancewar ma ta fi ɗaurin wuya. Na ga ɗalibi ya kai matakin ƙarshe bayan watanni, ya ɗiga HF da pyridine a sanyi, yana leƙa farantin TLC a kai a kai, domin jinkiri kaɗan zai mayar da rawayan nan baƙi-baƙin danƙo. Ƙwararren hannu ya san lokacin tsayawa tun kafin farantin ya gama magana. Yawanci ɗaliban digiri na uku ne ke wannan wahala, kuma abin da ke saura a gindin kwalba 'yan miligiram ne. Ni dai ban san wani aikin haƙuri da ya fi shi burge ni ba.

Tacewa da HPLC da tabbatarwa da NMR sanannu ne. Daga nan sai gwaji a kan yis da Candida albicans: nawa ne mafi ƙarancin da zai hana su girma, potassium na fita ko ba ya fita, yana kama ergosterol ɗin da ke cikin tantanin fangas ko a'a.

Haka ɗakin binciken Martin Burke a Jami'ar Illinois ya yi. Da suka cire mycosamine, maganin ya daina kama ergosterol, ya daina kisa. Don cire OH ta C35 kuwa sai da suka yanka zoben suka sake gina shi. A 2012 suka nuna cewa wanda ba shi da OH ɗin nan ba ya iya huda tantani, amma yana kashe yis, ko da yake ƙarfinsa ya ragu. Ashe hudar ba ita ce jigo ba. A 2014 suka gano cewa taruwa yake yi a wajen tantanin yana tsotse ergosterol, daga baya kuma aka ga irin wannan tsotsar yake yi wa kwalastarol ɗin ƙodarmu.

Sai hankali ya koma kan OH ta C2' a jikin sukarin. Da aka juya mata fuska, maganin ya saki kwalastarol ya riƙe ergosterol, sai dai ya yi sanyin aiki. Suka ƙara gyara a C16 don ya hanzarta tsotsa, kuma a 2023 suka bayyana AM-2-19 a mujallar Nature, wanda ya kashe fangas iri-iri a jikin ɓeraye bai lalata musu ƙoda ba.