Furen Kuɓewa da Allin Launi: Nazarin Darasin Zane a Mahuta

Fastel, wanda wannan maƙala ke kira allin launi, garin launi ne da ake cuɗawa da ɗan ƙaro a mulmula shi kamar alli. Ba a jiƙa shi, ba a jiran ya bushe. Da shi Odilon Redon na Faransa (1840–1916) ya zana furanni cikin tulu har ya shahara. Tambayar da ke gaban malamin zane a Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru, ita ce wane fure zai ajiye gaban ɗalibai, kuma da wane harshe zai koyar da launinsa.

Idan hoton wardi na littafi aka ba ɗalibi, kwafi zai koya. Furen kuɓewa kuwa yana bayan gida da damina, kuma yana tilasta wa mai zane ya duba da idonsa. Da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi, wanda aka tsinko ma bai kai haka ba. Wannan ƙarancin lokaci shi ya sa allin launi ya fi fentin mai dacewa da shi.

Ana saka fure biyu ko uku cikin ƙaramin tulun ƙasa mai ruwa, a ajiye inda haske ke shigowa ta taga ɗaya. Takarda mai kaushi ake so, domin garin ya sami wurin kamawa. Takardar buhun siminti da aka kakkaɓe ta wadatar, kuma launinta na ƙasa-ƙasa yana fito da hasken fure. Da gefen allin ake shimfiɗa inuwar tulu da duhun ganye tukuna, sannan launuka masu haske su hau a kai. Yawan murzawa da yatsa yana kashe launi ya mayar da shi kamar laka, kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi.

Abin da ya fi shafar masu nazarin Hausa shi ne sunayen launi. Ɗalibin da aka ce masa furen rawaya ne, alli ɗaya zai ɗauka ya shafe shi kaf. Amma Hausa takan raɗa wa launi suna daga abin da ido ya saba gani. Inda haske ya faɗa, furen ya kusa fari; inda ya naɗe, ya koma ruwan ɗorawa; cibiyarsa ja ce mai duhu irin na zoɓo, inuwar tulun kuma ruwan makuba. Yaron da ya taɓa shan garin ɗorawa ya san wannan rawayar tun kafin ya riƙe alli, kuma ko da Fakkanci ko Dakarci ya tashi a gida, Hausar kasuwa ta ba shi kalmar. Da zarar an ambaci sunaye huɗu, hannunsa zai nemi alli huɗu.

Garin ba ya manne wa takarda sosai, don haka ana rufe zanen da siririyar takarda, a adana shi a kwance, kada a naɗe.